Me ya sa kifin bas ya daina cin ƙugiyata da sanyi ya shigo?

Wani ɗan'uwanmu da ya tashi a Yawuri, wanda yanzu aiki ya kai shi birnin Springfield na jihar Misuri a Amurka, ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake fatsa a bakin tafkin Kainji, kuma a watannin zafi da suka wuce ya kama kifin da Amurkawa ke kira bas da dama a tafkin Table Rock, amma daga shigowar Disamba ya je sau uku, ya jefa ƙugiya a wuraren da ya saba, ya dawo hannu rabbana. Yana so ya sani ko kifin daina cin abinci yake yi da sanyi, ko kuwa akwai abin da shi yake yi ba daidai ba.

Malam, kifin yana ci, sai dai yana ci kaɗan, kuma ba ya yarda ya wahalar da kansa a kan abin da zai ci. Bugu da ƙari ya tashi daga inda ka bar shi a watan Agusta. Saboda haka abu biyu ne suka haɗu a kanka: kana jifa a inda babu kifi, kuma ko da ka dace da inda yake, kana jan kotonka da saurin da ba zai bi ba. A cikin biyun nan matsalar wuri ta fi girma, domin mai haƙuri a kan ruwan da babu komai a cikinsa zai wuni ne kawai yana shan sanyi.

Jikin kifi ba ya riƙe ɗuminsa kamar namu, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafin jikinsa. A ƙa'idar da masana halittu suka sani, duk lokacin da ruwa ya sauka da digiri 10 a ma'aunin Salsiyas, aikin cikin jikin kifi yakan ragu da kusan rabi. Ruwan da ka yi fatsa a cikinsa da zafi yana wajen digiri 27, na Janairu kuwa a tafkinku yakan tsaya tsakanin 6 da 9, wato wajen 43 zuwa 48 a ma'aunin Faranhait da za ka gani a na'urorinsu. Ƙaramin kifin da bas zai narkar a wuni guda da zafi, da sanyi sai ya kwashe kwanaki a cikinsa. Abin da ka sani a gida ba zai shirya ka ga wannan ba, domin ko a tsakiyar hunturu, lokacin da masunta ke jin ɗumi a bakin ruwa da asuba, ruwan Kainji ba ya kusantar irin wannan sanyi. Karfasarmu ma mutuwa take yi idan ruwa ya sauka wajen digiri 10, shi kuwa bas yana rayuwa har a ƙarƙashin ƙanƙara a jihohin arewa, yana kuma cin ƙugiya a can. Bas mafi girma da aka taɓa rubutawa a tarihin jihar Teksas, mai nauyin kilo 8 da kwata, wani mai suna Barry St. Clair ne ya kama shi a tafkin Fork a watan Janairu na 1992, da ɗan ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, alhali ma wani kifin dabam ya fito nema. Manyan mata a wannan lokaci suna ɗauke da ƙwan da za su zuba idan ruwa ya kai digiri 16 zuwa 18, shi ya sa kifin sanyi bai cika yawa ba amma yakan yi nauyi.

Kafin a zo ga koto, ya kamata ka san abin da ya faru da ruwan kansa. Da zafi tafki mai zurfi yakan kasu: ruwa mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, kuma sau da yawa na ƙasan ba shi da isasshiyar iskar da kifi ke shaƙa, don haka akwai iyakar zurfin da zai iya zama. Idan kaka ta ja, saman ruwan ya huce ya yi nauyi, sai ya nutse, iska ta gauraya tafkin daga sama har ƙasa. Daga nan babu abin da zai hana kifi sauka duk zurfin da ya ga dama. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, shi ya sa a tafkin da ya daskare ruwan ƙasa ya fi na sama ɗumi. Table Rock bai cika daskarewa a tsakiyarsa ba, amma amfanin zurfin yana nan: daren sanyi guda kan sauke zafin ruwan gefe mai ƙafa uku nan take, ruwa mai ƙafa arba'in kuwa da ƙyar ya ji an yi wani abu. Kifin da ƙarfinsa ya ragu yana son inda yanayi ba ya jujjuya masa.

To, ina yake? Ka nemi inda ƙasan tafki ke gangarawa tsaye. An gina madatsar Table Rock a kan kogin White, aka kammala ta a 1958, kuma tsohon kwarin kogin da na rafukan da ke zuba cikinsa suna nan a ƙarƙashin ruwa kamar hanyoyi. Inda tsohon kwarin ya karkato ya gogi gaɓa, inda katangar dutse ta ƙare ta koma tsakuwa, inda hancin tudu ya miƙa cikin ruwa sannan ya yanke, da kuma inda itatuwan da ruwa ya cinye suke tsaye har yau, waɗannan su ne gidajen sanyi. Dalilin a bayyane yake: a irin wannan wuri kifi na iya tasowa daga ƙafa talatin zuwa ƙafa goma ba tare da ya yi doguwar tafiya ba, idan rana ta ɗumama saman ruwa ya hau, idan sanyi ya dawo ya sauka. Lungunan da ba su da zurfi, waɗanda suka yi maka albarka da zafi, yawanci a wannan lokaci fanko suke. Kuma kifin sanyi cunkushewa yake yi wuri guda, ta yadda za ka bi gaɓa mai tsawo babu ko motsi, sannan a wuri mai faɗin ɗaki ɗaya ka ciro biyar a jere. Idan ka samu ɗaya, kada ka matsa, ka sake jefawa daidai inda ka jefa, daga inda kake tsaye, da irin jan da ka yi.

Abu na biyu da ke nuna wurin shi ne abincinsa. A tafkunan kudu da tsakiyar Amurka babban abincin bas wani ƙaramin farin kifi ne mai sheƙi da ake kira shad, wanda ke yawo garke-garke. Akwai irinsa mai ƙaramin jiki da ba ya jure sanyi ko kaɗan: idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ya fara galabaita, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ya ɗan fizga, ya karkata gefe, ya sake tsayawa, idan sanyin ya ƙaru ya mutu da yawa. Wannan shi ne abincin da bas ke jira, domin ba ya bukatar a bi shi. Idan ka ga tsuntsayen ruwa suna ta faɗowa a kan wani lungu suna tsintar wani abu fari, ka nufi wurin. Idan kana da jirgi mai na'urar hango ƙarƙashin ruwa, ka ba da sa'ar farko gaba ɗaya ga yawo a hankali kana kallon allo, sandarka na ajiye. Garken shad zai fito kamar gajimare, manyan kifayen kuma kamar ɗigo ko 'yan bakuna a ƙarƙashinsa ko a gefensa. Ka lura da zurfin da garken yake, domin a ranar nan kusan duk tafkin a wannan zurfin za ka same shi. Sababbin na'urori irin LiveScope na kamfanin Garmin, wadda ta fito a 2018, suna nuna kifi yana motsi a gaban jirgi, amma ni ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya kashe wannan kuɗin ba, taswirar zurfin tafki da ƙaramar na'ura sun isa. Idan kuwa daga gaɓa kake fatsa, ka nemi duwatsun da aka jibge a gindin gadoji da hanyoyin mota, musamman waɗanda rana ke duka tun hantsi, domin dutse yana riƙe ɗumi kuma galibi akwai zurfi kusa da shi.

Koton da na fi so ka koya da kyau shi ne wanda suke kira jakbet, wani siririn kifin roba mai tsawon kamar yatsa da rabi, da ɗan leɓe a gaba da ƙugiyoyi masu baki uku. Sirrinsa shi ne idan ka daina ja ba ya tasowa kuma ba ya nutsewa, yana tsayawa a inda ka bar shi, daidai da shad mai galabaita. Masu fatsa na yankinku na tsaunukan Ozark suna cikin waɗanda suka shahara da wannan dabara, tun lokacin da suke ɗaukar wani koto mai suna Smithwick Rogue mai tasowa sama su naɗa masa darma da hannu har ya tsaya tsakiyar ruwa. Yau ana sayar da shi a shirye, Megabass Vision 110 ne ya fi suna, amma masu araha ma suna kamawa. Kafin ka fara, ka nutsar da shi kusa da kai ka duba: ruwan sanyi ya fi nauyi, don haka koton da ya tsaya daidai da kaka yana iya riƙa tasowa a Janairu, sai ka manna masa ɗan ƙyallen darma a ciki ko ka sauya ƙugiya da wadda ta ɗan fi nauyi.

Ga yadda ake jansa. Ka jefa nesa, ka naɗe zare da ɗan sauri kamar zagaye shida ko takwas don ya sauka iyakar zurfinsa, sannan ka tsaya. Ka sunkuyar da bakin sanda wajen ruwa, ka fizga sau biyu a taƙaice da wuyan hannu, ka mayar da bakin sandan wajen koton don zaren ya ɗan yi sako-sako, sannan ka fara ƙirge a zuciyarka. Idan ruwa yana digiri 10, daƙiƙa biyar ta isa. Idan ya sauka zuwa 7, ka kai goma ko goma sha biyar, akwai kuma ranakun da sai an kai talatin. A nan yawancin mutane suke faɗuwa, domin daƙiƙa ashirin da hannu a sandare da sanyi tana da tsawo ƙwarai, sai mutum ya ƙirga huɗu ya ɗauka ya yi goma. Na taɓa kallon wannan da idona a ruwa mai haske, wata rana bayan azahar, kusa da wata katangar dutse: kifin ya taso daga duhu a hankali kamar ana turo shi, ya tsaya kamar kamu ɗaya a bayan koton, fikafikansa kawai ke motsi, na ƙirga har sha bakwai bai yi komai ba, ina taɓa zaren kaɗan koton ya girgiza, sai kawai na ga farin cikin bakinsa ya buɗe ya rufe. A hannu ban ji komai ba. Haka cizon sanyi yake: wani lokaci zaren ne zai ɗan yi tsalle a saman ruwa, wani lokaci kuma sai ka zo fizga ta gaba ka ji nauyi kamar ka maƙale a jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka finciko da ƙarfi kamar mai kamun tarwaɗa, ka ja sandan gefe a hankali ka ci gaba da naɗewa, domin ƙugiyoyin sirara ne kuma sau da yawa a gefen leɓe suke kamawa. Zaren da ya dace shi ne na fulorokabon mai ƙarfin laba 8 zuwa 10, saboda yana nutsewa kuma ba ya fitowa fili a ruwa mai haske.

Jakbet yana aiki ne idan kifin yana cikin ƙafa goma sha biyar na sama, ko yana shirye ya taso. Idan na'ura ta nuna maka shi can ƙasa, a ƙafa arba'in ko sittin, wanda abu ne da aka saba gani a Table Rock musamman ga irin bas mai ɗigo-ɗigo a ciki, sai ka tsayar da jirgi a kansa ka saukar da koto tsaye. Ana amfani da cokalin ƙarfe mai nauyi, fari ko mai sheƙin azurfa: ka sauke shi zuwa zurfin garken, ka ɗaga shi kamar kamu biyu, ka bar shi ya faɗi yana lilo kana bin sa da bakin sanda. Kusan kullum a faɗuwar ake cafkewa, don haka idan zaren ya tsaya kafin ya kai inda ya saba tsayawa, ka ɗaga. Gara ka riƙe koton ɗan sama da kifin da ka wuce shi ƙasa, domin idanun bas sama suke kallo.

Akwai kuma ranakun da kifin ke manne da ƙasa, musamman bayan guguwar sanyi ta wuce, sama ta yi tas, iska ta kwanta. A irin wannan rana sai jig, wato ƙugiya mai kan darma da siket na roba, wadda ke kwaikwayon wata halitta mai kama da jatan lande da ke ɓuya a duwatsu. Ba a ɗaga ta ana bugawa kamar da zafi, jan ta ake yi a ƙasa, taki ɗaya, a tsaya, a ji ta hau dutse, a bar ta ta gangaro. Wanda ya fi ta sauƙi ga mai koyo shi ne ɗaurin Ned, wanda ya samo suna daga Ned Kehde na jihar Kansas: ɗan guntun tsutsar roba da bai wuce inci uku ba a kan ƙaramin kan darma, a siririn zare. Ba shi da kyan gani, amma idan komai ya ƙi, shi nake ɗaurawa, kuma ga mai fatsa daga gaɓa ban san abin da ya fi shi ba. Za ka ji ana maganar ɗaurin Alabama mai wayoyi biyar kamar haƙarƙarin laima, wanda ya yi suna bayan Paul Elias ya ci gasa da shi a tafkin Guntersville a 2011. Yana kama manya da sanyi, amma yana da nauyin jifa, kuma a Misuri doka ba ta yarda a sa ƙugiya a fiye da uku daga cikin kotunan ba.

Game da lokaci, ka manta da sammakon da ka saba. Da sanyi tsakanin azahar da la'asar ya fi albarka, lokacin da rana ta daɗe a kan ruwa, kuma ƙarin digiri ɗaya kacal a gefen da ke fuskantar kudu yana iya tayar da kifi. Rana ta uku ko ta huɗu a jerin kwanaki masu ɗan ɗumi ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Gajimare da 'yar iska mai kaɗa saman ruwa abokan jakbet ne. Abin da za ka guje wa shi ne ruwa mai sanyi kuma mai laka bayan ruwan sama, domin kifin da ba ya son motsi, idan kuma ba ya gani, babu dabarar da za ta fitar da shi. Ka koma ɓangaren tafkin da ke kusa da madatsa, inda ruwa ya fi haske.

Na san mu ba mu saba kama kifi mu mayar ba, kuma babu laifi ka kai wa iyali abin miya matuƙar kana da lasisin hukumar kula da namun daji ta jihar kuma ka kiyaye ƙa'ida. A ɓangaren Misuri na Table Rock akwai ƙa'idar tsawon da bas zai kai kafin a riƙe shi, sai ka duba littafin dokokin shekarar kafin ka fita, domin wani yanki na tafkin yana cikin jihar Arkansas. Roƙona shi ne ka riƙe matsakaita, ka saki manyan mata masu ƙwai. Ka sani kuma kifin da aka ciro daga zurfin da ya wuce kamar ƙafa talatin, jakar iskar da ke cikinsa kumbura take yi, idan ya daɗe a sama sai ya kasa nutsewa ya riƙa yawo ciki sama. Wanda za ka saki, ka sake shi nan take tun yana da ƙarfin komawa.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta ranka, domin iya iyo da ka koya a Kainji ba zai cece ka a ruwa mai digiri 7 ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da lambobi uku: minti ɗaya na farko numfashi yana ƙwacewa, mutum ya riƙa zuƙar iska ba da sonsa ba, kuma idan kansa na cikin ruwa a lokacin ruwa zai zuƙa, sannan yana da kamar minti goma kafin hannuwa da ƙafafu su daina yi masa biyayya, sannan kimanin sa'a guda kafin sanyi ya ɗauke hankalinsa, wannan ma ga wanda ke sanye da rigar da ke hana nutsewa. Saboda haka rigar nan a jikinka za ta kasance tun daga tudu, a kan kayan sanyi, a ɗaure. Kada ka fita kai kaɗai a jirgi, ka gaya wa mai ɗakinka mashigar da za ka sauka da lokacin dawowarka, ka ajiye busassun kaya a jakar leda, kuma ka kula da gangaren saukar da jirgi da safe, domin ruwan da ya zuba daga motar wanda ya riga ka yakan daskare a kansa.

Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, idan ka ga ma'auni ya fara taɓa 50 a Faranhait, wato digiri 10 a Salsiyas, kifin zai fara bin waɗancan tsofaffin kwaruruka yana shigowa lunguna, yana tsayawa a gaɓoɓin da manyan duwatsu ke haɗuwa da tsakuwa. A lokacin ne mutanen Ozark ke fito da wani koton roba da ake kira Wiggle Wart, mai launin ja ko ruwan ƙasa, su riƙa jan sa yana karo da duwatsu a zurfin ƙafa takwas zuwa goma, kuma daga nan ne wuraren da ka sani tun bara za su fara dawo maka da amfani.